Neman kalma: me za mu kira ƙarfen da ke zaune a kan furosesa?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma guda nake nema, kuma aiki ne ya sa nake nemanta.

Sana'ata harhaɗa kwamfutar tebur. Mutum ya zo da kuɗinsa, mu zaɓi madabod (allon da komai ke hawa kansa) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ram (ma'ajiyar wucin gadi) da katin hoto da akwati, in ɗaura masa ya tafi. Amma daga Nuwamba zuwa Maris rabin aikina kakkaɓar ƙura ne. Ƙurar nan ta hunturu, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, laushinta ya fi na garin tuwo. Ko ka rufe taga sai ta shigo, kwamfuta kuma tana zuƙar iska tun daga kunnawa har kashewa.

Ranar Talata wani mai haɗa bidiyon biki ya kawo tasa. Ya ce da ya fara aiki sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, komai ya yi nauyi, can sai ta mutu da kanta. Na ce wa yarona, wanda watansa biyu ke nan a shagon, "Buɗe ka share hitsink." Na fita sallar azahar. Da na dawo na tarar ya goge fanka tas, ya goge gilashin akwati har ana ganin fuska, amma abin da na aike shi ko taɓawa bai yi ba. Ban yi masa faɗa ba. Ya ji rabin kalmar, ya san zafi ake nufi, ya kuma san fanka ce maganin zafi. Laifin kalmar ne, domin ba ta nuna masa komai ba.

Ga waɗanda ba su taɓa buɗe akwatin ba, ga yadda abin yake. Furosesa faɗinta bai fi na kwalin ashana ba, amma tana iya fitar da zafin wat 65, manyan ma su haura 200. Yawancin na Intel idan suka kai digiri 100 sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, yawancin Ryzen jerin 7000 na kamfanin AMD kuma a digiri 95 suke ja da baya. Shi ya sa ake ɗora mata wani ƙarfe a kai. Gindinsa yakan zama jan ƙarfe, daga nan wasu bututu su tashi, su ratsa siraran falle-fallen goran-ruwa da aka jera kusa da juna. A cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi a ƙasa, ya hau sama ya huce, ya sake gangarowa. Fanka tana tura iska ta tsakanin falle-fallen nan ta kwashe zafin. Turawa suna ce wa ƙarfen heat sink, wato hitsink ɗin da na ce wa yaro. Shi nake nema wa suna.

Kuma nan ne ƙura take kwana. Sai ka cire fanka kake ganinta, ta dunƙule a bakin falle-fallen kamar an shimfiɗa bargo. Fanka na juyawa, iska ba ta wucewa.

Na fara jefa tambayar shekaranjiya, ga abin da ya taru zuwa yanzu.

Wanda ya fara amsawa ya ce a fassara kai tsaye, "kwatamin zafi". An sha dariya, shi ma ya yi. Ta wani gefen bai kauce ba, don abin da Bature yake nufi shi ne wurin da abu ke malalawa ya tafi. Sai dai ba zan iya kallon mai kaya in ce masa kwataminka ya toshe ba.

Wani ya kawo "na'urar sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta". Wannan Hausar labaran rediyo ce, kafin ka gama faɗa yaro ya kai bakin titi. Mun ga yadda aka yi da "na'ura mai ƙwaƙwalwa", tana nan a rubuce, amma a kasuwa kwamfuta kowa yake cewa. Ban da haka, abin ba na'ura ba ne, babu abin da ke motsi a jikinsa, kuma ba ya sanyaya komai kamar firji. Idan ɗakinka yana digiri 40 a watan Afrilu, ba zai taɓa sauko da furosesa ƙasa da 40 ba.

Sai wani dattijo, tsohon bakanike, ya shigo. Ya ce, "Ɗana, me kake wahalar da kanka? Abin nan lagireto ne. Shekara talatin ina wanke shi a mota, ƙura da ciyawa su toshe shi, inji ya tafasa. Kalmar tana bakinmu tun kafin a haife ka." Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya goya masa baya, ya ce a wajensu masu gyara da sunan Faransanci na lagireto suke kiransa, don haka kalmar za ta ƙetare iyaka ba gardama.

Baba, wallahi na kwana ina juya maganarka, don ta fi kowace kusa da gaskiyar aikin. Abin da ya tsayar da ni ɗaya ne. Yanzu akwai kwamfutocin da ake sanyaya su da ruwa, da famfo da tiyo biyu da lagireto na sosai da ake ɗaurewa a saman akwati ko a gabansa. Idan muka ba wannan ƙarfen sunan, ranar da mai irin waccan ya zo sai mu rasa abin faɗa. Na fi so mu bar wa lagireto lagiretonsa. Da na gaya masa haka ya ce, "To, ashe har ruwa kuke zuba wa abin lantarki? Allah ya kyauta."

Wata malamar Hausa ta kawo wadda ta fi kowace kyan gini, "mahuci". Ta ce Hausa tana ƙera sunan kayan aiki da ma- a gaba da -i a baya, kamar mabuɗi da madubi da magogi da maburgi, ga kuma huce da huci duk suna jikin abin, tunda shi ke sa furosesa ta huce, kuma huci yake fitarwa. Na kusa sa hannu. Ba a yi minti goma ba wata baiwar Allah ta ce, "Malama, a gidanmu mahuci ko muhuci shi ne abin fifita, wanda wasu ke ce wa mafici." Shi ke nan. Da na ce wa yarona ya share mahuci, fankar nan dai zai sake gogewa, kuma wannan karon da hujjarsa. Wani mai tsokana ya ƙara da cewa idan wasali ɗaya ya zame a rubutu, an tura yaro ya wanke mahauci.

Ni nawa shi ne "matsefin zafi", don idan ka kalli falle-fallen daga gefe haƙoran matsefi kake gani, kuma sunan yana kai idon yaro daidai inda datti yake. Ba wanda ya so shi. Wasu suka ce su mataji suka sani, wasu kum, wasu kuma suka ce zafi ba kitso ba ne da za a tsefe. Na haƙura, amma na tsira da haƙoran, za ku ga inda na kai su.

Wadda nake so mu tsaya a kanta a shago ta fito. Bayan na cire fanka na nuna wa yaron bargon ƙurar, muka share, muka mayar, muka kunna. Na sa kwamfutar aiki mai nauyi, na ce ya taɓa bututun da bayan yatsa. Ya janye hannu da sauri ya ce, "Oga, ashe wannan shi ke shan zafin." Tun daga ranar sha-zafi yake ce masa, kuma jiya na ji maƙwabcina mai gyaran laftof ya ɗauka.

Da na kawo ta nan, wani injiniya ya ƙi. Ya ce ƙarfen ba ya shanye zafi, miƙa shi yake yi ga iska, kuma duk wanda ya ɗauka shanyewa yake yi ba zai gane dalilin da ya sa toshewar iska ke kashe kwamfuta ba. Yallaɓai, kimiyyarka daidai ce. Amma "sha" a Hausa ba ta taɓa nufin a haɗiye a riƙe kawai ba. Mota tana shan mai, bango yana shan fenti, matafiyi yana shan rana. Muna da shazumami, muna da sharaɓa, wadda ta samu sunanta don ita ke karɓar raɓa idan an ratsa ciyawa da asuba. Ba wanda ya taɓa zaton ƙafa tana kurɓar raɓa. Wanda ke tsaye a gaba yana karɓar abu a madadin wani, shi ne mai sha, kuma aikin ƙarfen nan ke nan a kan furosesa. Irin wannan gini kuma shi bakin mutane ya fi riƙewa: hana-salla, dafa-duka, faɗi-ka-mutu. Ba kwamiti ne ya zauna ya ƙera su ba.

Malama ta amince, da sharaɗi biyu. Ta ce a rubuta da karan-ɗori, sha-zafi, har sai ya zauna a ido, sannan a haɗe shi kamar yadda aka yi wa shazumami. Ta kuma ce namiji ne, kuma kada a tilasta masa jam'i, a ce sha-zafi guda uku. Na gode, Malama, na karɓa.

Gwajin kalma a wurina shi ne in ba da umarni da ita daga farko har ƙarshe ba tare da na koma Turanci ba. Ga yadda na faɗa wa yaron yau da safe, ku duba ko akwai inda ta yi tuntuɓe.

Kashe, zare waya daga bango, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Fitar da akwatin waje, kada ka busa ƙura a cikin shago ta koma cikin na wasu. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, domin a hunturu iska a bushe take, jikinka yana tara irin wutar nan da ke ɗan tsikararka idan ka kama murfin mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata ram. Cire fanka daga jikin sha-zafi. Ɗaga bargon da burushin fenti mai laushi, sannan ka busa ta tsakanin haƙoran daga baya zuwa gaba, ƙurar ta fita ta inda ta shigo. Duk fankar da iska za ta taɓa, riƙe ta da yatsa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ɗaga kai ka duba, idan kana hango haske ta cikin haƙoran, ka gama. Katin hoto ma yana da nasa sha-zafin a ƙarƙashin fankokinsa. Akwatin wuta kuwa, wato wanda wayar bango ke shiga, busa shi ta raga kawai, kada ka kwance shi, akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare waya.

Ban ji ta yi tuntuɓe ba. Har ta haifi 'ya'ya: haƙoran sha-zafi, bargon ƙura, da man sha-zafi, wato man nan mai launin toka da ake ɗiga wa furosesa don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu. Wasu suna ce masa giris, amma na taɓa ganin wanda ya ɗauki maganar da gaske ya shafa na mota. A kan man nan bari in ƙara abu ɗaya ga masu tsofaffin Ryzen na soket AM4 (soket shi ne gurbin da furosesa ke zama). Idan man ya bushe yakan kama kamar gam, ka fizgi sha-zafi sama, furosesa ta biyo shi, ƙafafunta su lanƙwashe. Ya faru da ni sau ɗaya, na yi awa biyu da tsinken allura ina miƙe su. A kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, a murɗa hagu da dama a hankali, sannan a ɗaga. Idan kuma ƙura ce kawai matsalar, babu dalilin ɗaga shi daga kan furosesa.

Ragar da ake sawa a bakin akwati don tare ƙura ba ta ba mu wahala ba, kowa ya ce rariya, an wuce wurin.

Wanda ya rage shi ne abin busawa. Mu a shago bulowa muke cewa. Akwai kuma gwangwanin da ake sayarwa da sunan iska, alhali a cikinsa wani gas ne mai kama wuta, kuma idan ka kifa shi ruwa mai tsananin sanyi yake fesowa. Kwampresar mai faci ma ban yarda da ita ba, tana tofo ruwa da mai. Baba bakanike ya ce a kira bulowar zuga-zugi, tunda aikinta ɗaya da na maƙera. Wani ya ce zuga-zugi wuta yake hurawa, mu kuma gudun zafi muke yi. Gobe akwai kwamfuta huɗu da ke jiran shara, zan gwada wa yaron duka biyun in ga wadda zai ɗauko. Masu wata kalmar, bismillah.