Ta yaya shugaba zai gane abin da ya kamata ya sa wa ido?

Sabon_Shugaba:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. An ba ni riƙon wani sashe a wurin aikinmu, amma wallahi tun safe har yamma ina fama da saƙonnin WhatsApp da mitin da ƙorafin wane ya ce wa wane kaza, sai a tashi in ga ainihin aikin da aka ɗora min ko taɓa shi ban yi ba. Ya ake bambance ƙaramin abu mai muhimmanci da wanda cin lokaci ne kawai?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam ka nemi labarin jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 a Amurka, Disamba 1972. Fitilar da ke nuna tayar gaba ta sauko ce ta ƙi kamawa, sai matuƙan gaba ɗaya suka tattara hankalinsu a kanta suna ta kokawa da ita, ba wanda ya lura jirgin yana ta yin ƙasa a hankali har ya faɗa fadamar Everglades, mutum 101 suka rasu, daga baya aka gano tayar lafiyarta lau, ƙwan ne kawai ya ƙone. In matsala ta taso ka wakilta mutum ɗaya ya bi ta, kai ka ci gaba da tuƙi.

Maman_Biyu:
Haka ne Injiniya, amma kar ya ɗauka duk ƙaramin abu na watsarwa ne fa. Kumbon Challenger a 1986 ai zoben roba ne sanyi ya hana shi toshe inda ya kamata, injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren da ya gabata manya suka ce a harba, sakan 73 da tashinsa ya tarwatse da mutum bakwai. Ni abin da nake tambayar kaina shi ne, in na ƙyale abin nan me zai lalace, kuma zai gyaru daga baya? In ba zai gyaru ba to naka ne komai ƙanƙantarsa. Kuma in wanda hannunsa ke kan aikin ya ce maka akwai matsala, ɗan'uwa ka tsaya ka ji shi ko da shi ne mafi ƙarancin muƙami.

Dattijo:
Ka ajiye waya awa biyun farko na safe. Mai kawo ƙarar wani kuma ka ce ya zo da shi ku zauna ku uku, da yawa ba za su dawo ba.

Sabon_Shugaba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in ogana ne da kansa yake yawan kiran mitin ɗin fa, ya zan yi da shi?