Lokaci yana zamewa a kan faiba mai kilomita 2: zafin Yamai ne ko mahaɗi?

Abdul-Razak, Yamai

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Aikin mastar ne a fannin fiziks. Muna da farantai biyu na robar nan da ke walƙiya idan ƙwaya mai caji ta ratsa ta, kowane santimita 20 a kan 20, da SiPM, wato na'urar da ke mayar da walƙiyar bugun lantarki, manne a gefe, don kama miyon, ƙwayoyi masu caji da ke saukowa daga sama. Ɗaya yana ɗakin gwaji, ɗayan yana wani gini, tsakaninsu faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, irin G.652 ta kusan kilomita 2, yawancinta bisa turaku cikin rana. Bugun SiPM na can shi ke kunna ƙaramin leza kai tsaye, a nan kuma fotodiyod ya mayar da hasken lantarki, sai mu rubuta lokacin da bugun ya haye matakin da muka tsayar.

Abu biyu ke damunmu. Idan muka tura bugun gwaji ya je ya dawo ta zare na biyu, lokacin yana ƙaruwa da kusan nanosakan 4 daga asuba zuwa azahar, da dare ya koma. Na biyu ya fi muni: duk sa'ad da aka zare mahaɗi, wato kan faibar da ake sakawa a soket, aka mayar, lokacin yana iya tsallakawa da nanosakan 10 zuwa 15. Faibar ce ta lalace, ko mu ne ba mu iya ba?

Injiniya Issufu, Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Faibarku lafiyarta lau, nanosakan 4 ɗin nan halinta ne. Haske yana cin kimanin nanosakan 4.9 a kowace mita ta gilashi, wato zuwa da dawowa a kilomita 4 kusan mikrosakan 20. Idan gilashi ya yi zafi yakan ɗan miƙe, haske kuma ya ɗan rage gudu a cikinsa, jinkirin ya ƙaru da wajen pikosakan 40 a kowace kilomita kan kowane digiri ɗaya. Yi lissafi da kanka: 40 sau 4 sau digiri 25, nanosakan 4 ke nan cif. Baƙar igiya da ke rataye a rana kuwa ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi nesa ba kusa ba, don haka kada ka dogara da ma'aunin zafin da ke inuwa. Da a ƙasa aka binne ta, zurfin mita guda, da wannan hawa da saukar ta yini ta kusan ɓacewa.

Tsallen mahaɗi kuma, fara da datti. Cibiyar zaren da haske ke bi faɗinta mikromita 9 ne kacal, alhali silin gashi ya kai 70. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta rufe rabinta. Ka duba bakin mahaɗin da madubin faiba kafin ka taɓa shi, ka goge da busasshen ƙyallen da ba ya barin zare, shafa ɗaya zuwa gefe guda, ka sake dubawa. In akwai maiƙon yatsa, ɗigo ɗaya na isopropil mai kashi 99, sannan busasshen gogewa nan take kafin ya bar tabo. Na kanti mai kashi 70 ruwa ne da yawa a cikinsa, kada ka kusance shi. Goge ɓangarorin biyu, har da na cikin soket, domin mai datti yana shafa wa mai tsabta, kuma in ka matse su da yashi a tsakani ka ƙwarzane gilashin har abada.

Duba launi kuma. Kore bakinsa a karkace yake da digiri 8, shuɗi a miƙe. Za su shiga juna ba gardama, amma iska za ta tsaya a tsakani, hasken ya zube. In FC ne mai murɗawa, tabbatar haƙorinsa ya faɗa cikin tsagarsa kafin ka ɗaure.

Sannan ka auna. Asarar haske da desibel ake auna ta. Ga haske mai tsawon zango nanomita 1310, kilomita 2 sau desibel 0.35 ya ba da 0.7, mahaɗai huɗu sau 0.3, 1.2, walda biyu sau 0.1, 0.2. Jimla wajen 2.1 a tafiya ɗaya. In ma'aunin haske ya nuna maka 5, ka san rabin hasken da ya kamata ya iso ya salwanta a wani wuri. OTDR, na'urar da ke harba haske cikin faiba ta zana abin da ya dawo, zai nuna wurin: tsini mai tashi sama mahaɗi ne, gangara ba tsini walda ce ko lanƙwasa. Ka harba a 1310 da 1550 duka. In asarar ta fi yawa a 1550, an lanƙwasa zaren fiye da kima. Kada ka nannaɗe shi a da'irar da faɗinta bai kai santimita 6 ba. Kuma don Allah kada ka leƙa bakin faiba da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana ƙona ido.

Malama Rakiya, Yamai

Sannu da ƙoƙari Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai Abdul-Razak, ko ka goge mahaɗin ya yi ƙal, tsarin naku zai ci gaba da yaudararku, don tushen cutar a yadda kuke karanta lokaci yake.

Datti ba ya rage wa haske gudu. Abin da yake ragewa ƙarfinsa ne. Bugun lantarki ba ya tashi tsaye kamar bango, hawa yake yi kamar tudu. Bugu mai ƙarfi yana haye matakinku da wuri, mai rauni sai ya kusa ƙololuwarsa kafin ya haye. In amfilifayarku tana ɗaukar nanosakan 30 ko 40 kafin bugu ya gama tashi, raguwar haske da rabi ta isa ta ba ka wannan 10 zuwa 15 ɗin.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. A Satumba 2011 masu gwajin OPERA suka sanar cewa nutirino, ƙananan ƙwayoyi marasa caji, da aka harbo daga CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60. Tafiyar duka milisakan 2.4 ce, ka ga ƙanƙantar bambancin, amma da ya tabbata da ya taɓa ginshiƙin ka'idar Einstein. A Fabrairu 2012 aka gano cewa mahaɗin faibar da ke kawo bugun GPS zuwa babban agogonsu a ƙarƙashin dutse bai ɗauru sosai ba. Hasken da ke isa ya yi kaɗan, da'irar karɓa ta makara wajen haye matakinta da nanosakan 70 da ɗoriya, agogon ya zauna a baya, nutirino suka zama kamar sun yi sammako. Akwai kuma kuskure na biyu a gudun agogon kansa, mai ja zuwa ɗaya ɓangaren. Gwajin ICARUS da ke wuri ɗaya ya auna ya samu gudun bai wuce na haske ba.

Magani mai sauƙi: ku daina amfani da mataki tsayayye, ku ɗauki lokacin da bugu ya kai wani kaso na ƙololuwarsa, a ce kashi 20 cikin 100, wanda ake kira CFD. In kuna adana siffar bugun da osiloskop, a kwamfuta ma za ku yi shi. Ko ku auna tsawon lokacin da bugun ya yi bisa matakin, ku gyara da shi, tunda mai ƙarfi ya fi daɗewa a sama.

Magani na gaske kuwa, kada bugun ya hau faiba ɗanye. A auna lokacinsa can gindin farantin da TDC, da'irar da ke mayar da lokaci lamba, a cikin FPGA, guntun lantarki da ake tsara wa aiki, a turo lambobi. Lamba ko ta iso da rauni ko da ƙarfi, ƙimarta ba ta canjawa. Aikin faiba ya koma raba agogo ɗaya ga wurare biyu. Wannan ne abin da White Rabbit ke yi, tsarin da aka ƙirƙira a CERN tare da cibiyar bincike ta GSI a Jamus. Yana auna zuwa da dawowa ba fasawa, yana cire abin da zafi ya ƙara, yana riƙe agogo biyu da bambancin da bai kai nanosakan ɗaya ba a kilomita 10. Zanensa a buɗe yake ga kowa, kuma ya shiga ƙa'idar IEEE 1588 ta 2019.

Hattara da abu ɗaya in za ku kwaikwayi dabarar. Raba zuwa da dawowa gida biyu yana aiki ne kawai in hanyoyin sun yi daidai. Zare biyu a igiya ɗaya suna iya bambanta da mita guda, nanosakan 5 ke nan. Shi ya sa ake amfani da zare ɗaya, haske mai nanomita 1310 ta wannan gefe, mai 1490 ta wancan. Su ma gudunsu ba ɗaya ba ne, bambancin ya kai nanosakan 1.3 a kilomita, sai an auna shi sau ɗaya an sa a lissafi.

Malam Habibu, Tawa

Ni tambayata daban ce, ɗana: me kuke son gani a kilomita 2? Miyon yana ratsa kowane murabba'in santimita kamar sau ɗaya a minti. Farantinku zai ƙirga wajen 7 a daƙiƙa. Haɗuwar katari tsakanin farantai biyu ita ce 2 sau faɗin taga (tazarar lokacin da kuke ɗaukar bugu biyu a matsayin sun zo tare) sau ƙirgen wannan sau ƙirgen wancan. Da tagar nanosakan 100, kusan sau ɗaya ke nan a yini, ba tare da wata alaƙa tsakaninsu ba. Ruwan ƙwayoyin da zai jiƙa wurare biyu masu wannan nisa lokaci guda kuwa sai ƙwaya mai ƙarfin gaske, irin wadda ke faɗo wa murabba'in kilomita sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Don ita aka shimfiɗa tankunan ruwa sama da 1,600 a Pierre Auger ta Ajantina, kilomita 1.5 tsakanin kowane biyu, a fili mai murabba'in kilomita 3,000. Farantai biyu masu girman tire ba za su kama ta ba kafin ka gama karatu.

Shawarata, ku fara ɗora farantan ɗaya bisa ɗaya. Miyon guda zai ratsa su kusan tare, ka samu bambancin lokaci da ka san amsarsa, da shi za ka daidaita komai. Daga nan ku raba su mita 5, sannan 10, sannan 20, ku ga yadda haɗuwar ke raguwa. Faibar kilomita 2 ɗin ku bar ta a matsayin abin bincike, domin auna zamewar lokaci da zafin Sahel aiki ne mai cin gashin kansa.

Kada ku manta SiPM ma zafi yana taɓa shi. Ƙarfin lantarkin da yake buƙata yana hawa da milivolt gommai kan kowane digiri, don haka da azahar bugunsa yakan ƙanƙance, ga bugun ƙarya da ke ninkawa kowane digiri 8 zuwa 10. Gwajinku na zuwa da dawowa bai bi ta cikinsa ba, wato akwai zamewar da ba ku gani ba tukuna. Ku manna ma'aunin zafi a jikinsa, ku rubuta shi tare da kowane bugu.

Abdul-Razak, Yamai

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura guda: SFP ɗin da muke da su, wato ƙananan na'urorin turawa da karɓar haske a bakin faiba, na kilomita 40 ne. Za su yi?

Injiniya Issufu, Tawa

Za su yi, amma haskensu yana iya yi wa mai karɓa yawa a gajeriyar hanya, ya ƙoshi ya fara zubo kurakurai, wani ma ya lalace. Duba takardarsa ka ga iyakar hasken da yake ɗauka, ka auna abin da ke isowa, in ya wuce ka sa marage haske na desibel 5 ko 10 a bakin mai karɓa. Ka sa shi kafin ku daidaita lokaci, ka bar shi a wurin, don in ka cire shi daga baya sai kun sake daidaitawa daga farko.