Kuru na yana son sukuwa da keke a bayansa, in bar shi ko in hana?

Mai_Kuru:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar keken doki ina neman shawara. Ina da wani kuru, ɗan gajeren doki ne shekararsa 7, wata 8 kenan yana jan ƙaramin keke mai ƙafa biyu kuma wallahi ba shi da matsala, tafiya lafiya sassarfa lafiya, in na ce tsaya ya tsaya. To kwanan nan in muka shiga fili sai in ji yana neman ya wuce sassarfa ya shiga 'yar ƙaramar sukuwar nan ta a hankali, ni kuma sai in ja kamazuru in mai da shi don wanda ya koya min cewa ya yi dokin keke ba ya sukuwa, faƙat. Shekaranjiya dai ya yi taku huɗu ko biyar kafin in kama shi, keken ya dinga sama da ƙasa sai da gabana ya faɗi, amma shi ko a jikinsa. Haramun ne a wannan harkar ko dai tsoro ne kawai na mutanen da?

Dattijo:
Wa alaikumus salam. Yaro wanda ya koya maka ba ƙarya ya yi ba. A kan doki kana da ƙafafu da nauyin jikinka, in ya ƙwace kana iya karkata shi ya yi ta kewaye har ya gaji. A keke me kake da shi? Kamazuru da murya da bulala, shi kenan. Kuma in ya ƙwace ba shi kaɗai ke gudu ba, akwai abu a bayansa yana ƙara yana bin sa, yana ƙara gudu abin na ƙara ƙara. Shi ya sa muke so doki ya san cewa muddin an ɗaura masa keke to sassarfa ce ƙarshen magana. Sassarfa bugu biyu ce, bayan doki a daidaice yake, keke na bi sumul, kuma zai yi nisa bai jigata ba. Sukuwar nan bugu uku ce, jiki na lilo, sandunan keken da doki ke shiga tsakaninsu ma lilo za su yi, abin da ka ji kenan. Ni dai ban ga abin da ka rasa ba da za ka nemo shi a sukuwa.

Hajiya_Linzami:
Baba a yi min afuwa amma a nan kam zan ɗan saɓa. Doki dabba ne, ko ba daɗe ko ba jima sai wani abu ya razana shi, leda ce ko kare ko babur, kuma ranar ba zai tambaye ka ba zai zabura. To wanda bai taɓa sukuwa da keke ba tsoro biyu ne zai haɗu masa, na abin da ya razana shi da na baƙon abin da yake ji a jikinsa, sanduna na bugun haƙarƙari, madaurin baya na matsa masa cinya, ƙafafun keke na wata irin ƙara da bai san ta ba. Nan ne ake samun tutsu da harbi. Wanda kuwa ya saba, taku kaɗan zai yi ka yi masa magana ya sauko don a wurinsa ba wani sabon abu ya faru ba. Ni duk wanda na hora sai ya koyi sukuwa da keke, ba don in dinga yi ba, don ranar farko ta zama ni na nema ba tsoro ba.

Kuma maganar cewa ba a yi sam ba haka ba ne. Gasar tuƙin keken doki ta FEI, wato hukumar wasannin dawaki ta duniya, wadda Yarima Philip na Ingila ya taimaka aka tsara dokokinta lokacin yana shugaban hukumar, ya riƙe ta daga 1964 zuwa 1986, kashi uku ce, kuma a kashin da ake shiga cikin shingaye ana karkaɗawa ai sukuwa suke yi, har da masu dawaki huɗu. A Ingila ma akwai wata ta kuraye biyu-biyu, kai na ce kuraye, ƙananan dawaki nake nufi kar wani ya ɗauka na daji ne, da suke zubawa a guje tsakanin alamomi. Inda aka hana shi ne tseren sassarfa irin na Faransa, can in doki ya karya ya shiga sukuwa ana fitar da shi, wannan kuma dokar wasa ce.

Amma Mai_Kuru abu ɗaya bai min ba a labarinka: shi ne yake zaɓa. Wannan kam ci gaba da hana shi. Sai ka ce a yi, a yi.

Mai_Kuru:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To ta ina zan fara? Don gaskiya ni ban san ma yadda zan ce masa ya yi ba tunda babu ƙafa.

Hajiya_Linzami:
Daga ƙasa, babu keke. Sa masa kayansa duka ka riƙe dogayen igiyoyi yana kewaye ka, ka zaɓi kalma ɗaya ta sukuwa wadda ba ta yi kama da ta sassarfa ba, kullum ita. Abin da ya fi muhimmanci ma saukowar ce, sai ka ga da murya kaɗai yana dawowa sassarfa ta hagu da ta dama kafin ka yi zancen keke. Ranar farko ka samu fili mai shinge, ƙasa mai laushi ba ramuka, miƙaƙƙen layi, in da ɗan hawa ma ya fi don nauyin keken zai riƙe shi. Taku shida zuwa goma ka sauke shi ka yaba masa. Kar ka yi a gangara, kar ka yi in kun juyo hanyar gida, kar ka yi kullum a wuri ɗaya don zai haddace wurin. Ka sa hular kwano kuma ka samu mutum a kusa.

Injiniya_B:
Ni ta wajen keken zan yi magana don kowa doki yake kallo. Takun sukuwa ya fi na sassarfa shiga, ƙafafun baya na miƙewa sosai, in tazarar da ke tsakanin gindinsa da gaban keken ta yi kaɗan zai daki katako da ƙafa, kuma doki in abu ya taɓa shi a nan ramawa yake. Duba madaurin baya, a keken da ba birki shi ne birkinka, in ya yi sako-sako keken zai hau shi lokacin da ka rage gudu. Akwai kuma madaurin da ke bi ta kan ƙugu a ɗaure shi jikin sanduna biyu don hana shi ɗaga baya, saka shi. Sai ƙafafun, in irin na keken hawa ne masu siraran wayoyi ba a yi su don matsin gefe ba, a kwana da gudu suna iya lanƙwashewa. Lilon da ka ji ma wani ɓangarensa daidaiton keken ne, zauna a ciki wani ya riƙe sandunan a hannu, in ya ji nauyi sosai ko suna neman tashi sama to kujerar na son gyara.

Dattijo:
To na ji. A fili mai shinge ban ƙi ba. Amma kwalta fa a'a, santsi ga bugun ƙafa, wannan ko Hajiya ba za ta musa ba.

Mai_Kuru:
Injiniya yanzu na fita na duba, ƙafafun masu waya ne wallahi, kuma madaurin baya hannuna biyu na shiga. Bari in fara da igiyoyin tukuna kafin in samu wasu ƙafafun. Madaurin ƙugun nan a ina daidai yake zama, kan tudun ƙugun ko can kusa da jela?