Mawaƙi in ya shiga fim, waƙarshi ta mutu? Muhawarar ƴan fada a Tawa

Sani mai shago: Salamu alaikum ƴan fada. Ni dai maganar da na yi jiya a wurin shayi ban janye ta ba, duk mawaƙin da ya shiga fim to waƙarshi ta fara mutuwa. Waƙa tana son zama, a rubuta baiti a goge a sake, to mutum shina wurin ɗaukar fim tun safe har dare yaushe za shi zauna ya tsara abin kirki? Taura biyu ba ta taunuwa.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Yaya Sani ka yi kuɗin goro wallahi. Umar M Shareef fa? Ya fito jarumi a fim ɗin Mansoor a 2017, Ali Nuhu ya ba da umarni, kuma bai bar waƙa ba, har yau ba bikin da za ka je a Tawa ba ka ji muryarshi ba.

Sani mai shago: Ƙanwata ban ce ya bari ba, cewa na yi tana raguwa. Ki dubi Nura M Inuwa, da alƙalami da murya aka san shi, shi ya sa in ya saki waƙa kake jin an zauna mata.

Moussa Yamai: Ku yi haƙuri in sa baki, don ni a sitidiyo nike aiki nan Yamai kuma kullum ina ganin abin da idona. Kuna magana kamar zaɓi ne, alhali yunwa ce. Yaro zai tara kuɗi wata da watanni ya biya mai kiɗa ya biya wanda zai haɗa sauti ya biya bidiyo, ranar da waƙar ta fita kafin magariba tana cikin salular kowa, an tura ta WhatsApp, masu zuba waƙa a memori a kasuwa sun ci nasu, shi ko dala bai gani ba. Zamanin kaset aƙalla ana sayen kaya a hannu. Yanzu mi ya rage? Biki, sai konsar lokacin salla, sai waƙar ɗan siyasa in an samu. BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, tana nan don haƙƙin mawaƙa amma mawaƙa nawa ne suka yi rajista, nawa ne ma suka san hanyar? To in fim ya ba shi fuska aka san shi ya samu talla ya ciyar da iyalinshi, da wane baki za mu ce mishi kar ya je?

Sani mai shago: Moussa na yarda akwai wahala, amma wahala ba ta sa wanda bai iya ba ya iya. Akwai waɗanda ake sawa a fim don sunansu kawai, ka gan shi ya tsaya ƙiƙam gaban kyamara, kuma ya tare wurin yaron da ya shekara yana koyon wasan.

Hadiza: Wannan kam gaskiyarka, yana ba ni haushi ni ma. Amma laifin mai shirya fim ne da ke neman masu kallo ta sunan wani.

Malam Issoufou: Yarana, ku bar Kano ku dubo gida. Mdou Moctar ɗan jiharmu ta Tawa ne, a 2015 ya fito a fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Buzaye, kuma bayan nan ne ya yi ta zagaya Amurka da Turai da jitarshi. Fim bai cinye shi ba. Youssou N'Dour kuma ya buɗe gidan radiyo da talabijin a Senegal, har minista ya zama a 2012, ya dawo ya ci gaba da waƙa. Abin da nike tsoro ni daban ne. Su Ɗan Gurmu da muka taso muna ji, sana'a guda suka riƙe har ta kai yau ana gasar waƙa da sunanshi a garin nan. Yaran yanzu da yawa waƙar tsani ce kawai gare su, ba ita suke so ba tun farko.

Sani mai shago: To ai Baba maganata kenan!

Malam Issoufou: A'a Sani, ba ita ba ce. Kai ka ce fim ke kashe waƙa, ni na ce wanda ya ɗauke ta da daraja ko mi ya ƙara da shi ba ya sakinta.

Moussa Yamai: Baba da girmanka, ko mai ɗaukarta da daraja sai ya ci abinci. Yaya Sani tambaya guda, waƙoƙin da ke cikin salularka yanzu, akwai wadda ka biya mai ita?

Sani mai shago: Babu, kamar kowa. Amma konsar in an zo da shi Tawa ina yankar tikiti, kuma har gobe in aka ce in zaɓa tsakanin mawaƙin da ya tsaya a waƙarshi da mai rabin ƙafa a fim, na farkon za ni kallo.