Neman kalma: me za mu kira "gift economy" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan wannan kalma ta tsaya mini a fassarar da nake yi wa ɗalibai. Abin da ake nufi da ita shi ne zaman da kaya ke yawo hannu zuwa hannu ba farashi, ba tayi, ba "albarka", amma kowa ya san wanda ya karɓa yau shi zai bayar wata rana.

Da farko na rubuta "tattalin arzikin kyauta", sai na goge. Kunnen Bahaushe ya saba da ilimi kyauta da magani kyauta, wato ka karɓa ka yi gaba, ba mai bin ka komai. Alhali masanin nan na Faransa, Marcel Mauss, ya nuna tun 1925 cewa nauyi uku ke kan mutum a irin wannan zama: ya bayar, ya karɓa, ya rama. Wanda ya ƙi karɓa ma ya yi laifi.

Wani malami ya ce mu ɗauki "musaya". Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Musaya ai ba ni gishiri in ba ka manda ce, kasuwa ce da babu kuɗi a tsakani. Dubi mutanen tsibiran Trobriand na Papua New Guinea, waɗanda masanin al'adun al'umma Malinowski ya ba da labarinsu a 1922. Suna da abin da suke kira kula: mutum ya shiga kwalekwale ya ƙetare teku don ya kai wa amininsa jar sarƙar wuya ta katantanwa, a wani zuwan shi kuma a ba shi farin awarwaron damtse. Sarƙoƙin na zagaya tsibiran ta gefe guda, awarwaron ta ɗaya gefen, ba mai riƙe su har abada. Musayar kayan masarufi da ake ja-in-ja a kanta sunanta daban a wurinsu, gimwali, kuma zargi ne a ce mutum yana yin kula kamar mai gimwali. Su masu abin ba su haɗa biyun ba, don me mu za mu haɗa?

Hajiyar da ta ce ai wannan biki ne, wallahi kin fi kowa kusa. Iyayenmu mata sun san shi ciki da bai. Kin kai wa ƙawarki gudummawa ranar suna, ta riƙe a ranta, ranar naki ta kawo har da ƙari. Shi ya sa ake cewa biki bashi ne, amma bashin da ba a son a biya shi tas. A kasuwa, da ka miƙa kuɗi ka ɗauki kayanka magana ta ƙare, ko ba ku sake gaisawa ba. A nan kuwa, maƙwabciya ta aiko da tuwo ki mayar da kwanon da kuɗin tuwon cif a ciki, ai kin ce mata kada ta ƙara. Matsalar "biki" kawai, mai karatu zai ji kiɗa da shinkafa.

Ga abin da na tsaya a kai: kyautayya. Harshen ne ya ba mu awon. So ya haifi soyayya, ci ya haifi ciyayya, ciniki ya haifi cinikayya. Galibi inda wannan ɗafin na "-ayya" ya zo, akwai ni akwai kai, abin na zuwa yana dawowa. Kuma tana zama kafaɗa da kafaɗa da kishiyarta: cinikayya da kyautayya.

Ƙanena da ya tambayi me ya hana "kyautatayya": ita daga kyautatawa take, alheri zalla. Wannan tsari kuwa har da gasa da neman girma a cikinsa. A gaɓar yammacin Kanada, shugabannin ƙabilun asali kan tara jama'a su raba barguna da dukiya don su tabbatar da matsayinsu, wani sa'in su kere takwarorinsu. Shi ne potlatch, wanda gwamnatin ƙasar ta haramta daga 1885 zuwa 1951. Kyautatayya ba za ta ɗauki wannan ba.

Don haka a fassarar zan sa "tsarin kyautayya", in ana maganar ilimin tattalin arziki kuma "tattalin arzikin kyautayya". 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka karanta abin da Faransanci, ku faɗa ta da baki ku ji ko ta zauna a kunnenku kafin in miƙa aikin ranar Litinin.