Neman shawara: ƙarfen da za a sa wa mahaifiyarmu a cinya

Mai tambaya, daga Gombe:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta faɗi ta karye a cinya, kuma likitan ƙashi ya ce ɗori ba zai yi ba, sai an yi aiki an sa mata ƙarfe da kusoshi. Damuwarmu ita ce, tun tana budurwa idan ta sa 'yan kunne ko sarƙa waɗanda ba na zinariya ba, wurin yakan yi ƙaiƙayi ya kumbura har ya yi ruwa. Wani ɗan'uwanmu ya ce akwai ƙarfen da ake shafewa da wani sinadari mai suna naitiraid domin kada ya cutar da jiki. Shin ya dace mu dage sai irinsa za a sa mata?

Injiniyan ƙarafa, daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙarfe mara tsatsa da aka fi sa wa mutane a ƙashi shi ne mai lamba 316L, kuma irin wanda ake yi domin tiyata yana ɗauke da kuromiyam kashi 17 zuwa 19 cikin ɗari, da nikel kashi 13 zuwa 15. Kuromiyam ne yake hana shi tsatsa, nikel kuwa shi ne yakan jawo irin ƙaiƙayin da kika bayyana. Ruwan jikin ɗan Adam yana da gishiri, kuma a hankali gishirin yakan ci ƙarfen a wasu wurare, musamman inda kan kusa yake gugar jikin ƙarfen, har ɗan nikel ya riƙa fita.

Shafen da ɗan'uwanku ya ambata gaskiya ne. Naitiraid ɗin da ya fi shahara shi ne na ƙarfen taitaniyam da iskar naitirojin, mai launin zinariya, kuma shi ne kike gani a bakin wasu injinan huda ƙarfe da ake sayarwa a kasuwa. Ana yin sa ne a cikin wata na'ura da aka zuƙe iskar cikinta, a mayar da taitaniyam tururi ya haɗu da naitirojin ya kwanta a kan ƙarfen. Kaurinsa bai cika wuce kashi 5 cikin 1000 na milimita ba, amma taurinsa ya ninka na ƙarfen da ke ƙarƙashinsa sau da yawa, saboda haka yana rage zaizayewa da fitar nikel.

Sai dai ina so ki san iyakarsa. Shafen yakan zo da ƙananan huji da ido ba ya gani, kuma da yake yana da tauri ba ya jure lanƙwasa, alhali likita yakan lanƙwasa ƙarfe a ɗakin tiyata domin ya dace da ƙashin mara lafiya, sannan ya ɗaure kusoshi da ƙarfi. Inda shafen ya tsage, nan tsatsa take taruwa. Shi ya sa aka fi ganinsa a gwiwar ƙarfe da ake sauya wa mutane, ba a ƙarfen karaya ba. A ganina, tambayar da ta fi muku amfani ita ce ko za a samu ƙarfen da aka ƙera da taitaniyam, domin shi ba a haɗa shi da nikel.

Ma'aikaciyar jinya:
Malama, ki je ki faɗa wa likitan labarin 'yan kunnen nan dalla-dalla kafin ranar aiki, kuma ki roƙa a rubuta a katinta. Akwai gwajin da likitocin fata suke yi, su manna sinadarin nikel a bayan mutum na kwana biyu su duba ko fatar za ta yi ja. Amma ki kwantar da hankalinki, domin mutane da yawa da fatarsu ba ta son nikel an sa musu wannan ƙarfe sun warke lafiya. Yadda fata take karɓar abu ba lallai ne ya zama yadda cikin jiki zai karɓe shi ba.

Wani dattijo:
'Yata, kada neman ƙarfe na musamman ya sa ku jinkirta aikin. Doguwar kwanciya ga mai shekaru tana kawo gyambon baya da daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu, kuma waɗannan sun fi ƙaiƙayi haɗari nesa ba kusa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan babu na taitaniyam a inda take kwance, ina za mu nufa?

Ma'aikaciyar jinya:
Ki fara tambayar likitanta ko za a iya yo odarsa, domin ɗaukar mai karayar cinya a mota wahala ce babba. Idan ya ga ya dace a tura ta, akwai sashen ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, sannan akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ki sani na taitaniyam ya fi tsada. Ko wanne aka sa mata, ku nemi a rubuta muku sunan kamfanin da ya ƙera shi da irin ƙarfen a takardar sallama, domin za a buƙace su idan za a yi mata hoton cikin jiki na MRI ko aka zo cire shi.