Me zan ɗauka a hoto a harabar Gubi a lokacin kaka?

Ɗalibar aji ɗaya:
Assalamu alaikum. Yayata da ke karatu a Kanada ta turo mini hotunan jami'arsu a wannan wata na Oktoba, itatuwa sun yi ja wur, wasu rawaya, ganye ya rufe hanya kamar an shimfiɗa darduma. Ni kuwa bana na fara karatu a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, kuma ina so in mayar mata da namu. Shin kaka tana da abin kallo a nan?

Malamin aikin gona:
Wa'alaikumus salam. Tana da shi, 'yata, sai dai ba a saman itatuwa za ki fara nemansa ba. A can, gajartar yini da shigowar sanyi ne ke sa sinadarin koren ganye ya gushe, launin rawaya da ke ɓoye ya fito fili. Mu a nan ɗaukewar ruwa ce ke sauya daji, kuma daga ƙasa take farawa. Ki dubi kyasuwa da ke gefen hanya yayin da kanta ya yi jaja-jaja, da gamba idan ta yi tsawo ta fara bushewa, da dawa a gonakin da ke kewaye idan zangarniya ta nuna ta sunkuya. Daga baya kuka za ta kaɗe ta bar 'ya'yanta suna reto, darbejiya kuwa tana nan kore shar. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne gawo, wanda yake tsayawa ba ganye duk tsawon damina, sai sauran itatuwa sun fara kaɗewa sannan ya tofo. A ganina, hotonsa kusa da kuka ya isa amsa ga yayarki.

Tsohon ɗalibi, daga Gombe:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ƙanwata, abin da zan ƙara shi ne kada ki yi jinkiri, domin makonni kaɗan ne tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, kuma da zarar an fara ƙona ciyawa sai baƙin toka. Ki fita da sassafe kafin raɓa ta bushe, ko bayan la'asar lokacin da rana take dukan duwatsu. Amma ki sa takalmi rufaffe, kuma kada ki kutsa cikin ciyawa, saboda lokacin girbi ne asibitin masu fama da saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe yake cika da jama'a.

Ɗalibar aji ɗaya:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Kullum ina wuce kyasuwar nan a hanyar ɗakin karatu ban taɓa tsayawa ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fita da ƙawayena biyu mu nemo gawon.